Labarin Waƙa a Cikinmu, da Rabon Yara a Cikinta

Kafin mu shiga labari, ko kun san asalin kalman nan, jubili? A cikin Littafin Firistoci sura 25 an umurci Isra'ilawa su ƙidaya shekara bakwai har sau bakwai, watau 49, sa'an nan su busa ƙaho ko'ina cikin ƙasarsu, su keɓe shekara ta 50. A shekaran nan bawa ya kan koma gidansu, gonar da talauci ya sa aka sayar ta kan koma hannun mai ita. To, sunan ƙahon ragon nan da Ibrananci shi ne ya zama sunan shekarar. Ashe tun asali jubili abu ne da a ke fara ji da kunne.

Saboda haka muka ga ya kamata a ba kiɗa da waƙa wuri cikin littafin nan. Labarin asibitoci da makarantu da gine-gine kowa yana iya ganinsa da ido. Namu labari na abin da ba shi da harsashi ne, ba shi da jinka, amma ya riga gine-ginen zuwa, ya kuma fi yawancinsu daɗewa. Muna so mu bincika, waƙar da mu ke yi yau ta ina ta biyo har ta iso bakinmu, wa ya ba mu ita muna yara, mu kuma ko muna ba namu yaran.

Ƙasar da ba ta taɓa rasa kiɗa ba

Kada wani ya yi tsammani baƙi ne suka kawo mana waƙa. Sun iske ta ko'ina. A Gobir da Maraɗi da Damagaram da Adar da Arewa, da wuya ka sami sana'ar da ba ta da kiɗanta. Sarki yana da tambari da kakaki da algaita. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa. Ranar gayya kuwa, in mai gangar noma bai zo ba, sai gona ta yi wa samari faɗi. Da ya iso ya fara kiran sunansu da na ubanninsu, sai hauya ta yi sauƙi a hannu, aikin yini ya ƙare kafin la'asar.

A cikin gida mata ba su jiran makaɗi. Mai niƙa tana waƙa bisa dutse, a nan ta kan amayar da abin da ke ranta wanda ba ta iya faɗa wa miji ko uwar miji ido da ido. Masu daka su kan yi lugude, taɓarya uku cikin turmi ɗaya, ba wadda ta ke karo da wata. Ranar daɓe a kan yi waƙa, ranar biki a kan kifa ƙwarya cikin ruwa a kaɗa, a buga shantu.

Yaro kuwa tun yana goye ya ke shan kiɗa, gama bugun taɓarya yana ratsa bayan uwarsa ya shiga ƙirjinsa. In ya yi kuka, da waƙa a ke rarrashinsa. In ya tasa, kakarsa ta yi masa tatsuniya, tatsuniya kuwa da wuya ta rasa 'yar waƙa a tsakiya. Da farin wata 'yan mata su fita dandali su yi gaɗa, ɗaya tana bayarwa, saura suna amsawa da tafi. Bayan girbi, sa'ad da kara ya bushe, yara maza su fafe shi su yi abin busa, su bi awaki da shi.

Waƙa tana rage nauyin aiki, tana sa hannuwa da yawa su tafi tare. Tana riƙe tarihi, gama a bakin mawaƙa a ke ajiye sunayen sarakuna da yaƙoƙinsu. Tana kuma koyarwa. Malaman Musulunci sun san wannan sarai. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, ta aiki matan da a ke kira jaji su bi ƙauyuka suna koya wa 'yan'uwansu mata da ka. Ta gane abin da aka rera ya fi abin da aka faɗa zama a kai.

Kiɗa yana da masu shi

Amma akwai wani shinge. Ji na kowa ne, yi kuwa na waɗansu ne. Kiɗa gado ne, kamar ƙira da fawa da wanzanci. Ɗan makaɗi tun yana ƙarami a ke rataya masa 'yar ganga ya bi ubansa, ya fara da amshi, har ya ƙware. Wannan makaranta ce ta gaske, sai dai ƙofarta a rufe ta ke ga ɗan manomi da ɗan malami da ɗan sarki. Kuma jama'a suna son kiɗa, amma suna raina makaɗi. A kan ce da shi maroƙi, a yi masa kyauta da sakin fuska, in ya zo neman aure kuwa sai a fara duban ƙasa. Har Mamman Shata, wanda muryarsa ta game ƙasar Hausa kafin rasuwarsa a 1999, sai da ya sha faɗa wurin mahaifinsa, don waƙa ba gadon gidansu ba ce.

Don haka yaro ya kan yi busar kara har ya fara hankali, sa'an nan a ce masa ya girma, ya bari. Yarinya ta kan yi gaɗa har ran da aka kai ta ɗaki. Wa ya san yawan masu baiwa da suka tsufa suka mutu, baiwarsu tana binne?

Akwai kuma kiɗan da a ke tsoro. Goge da garaya da caki su ne a ke kiran iskoki da su a wurin bori, kowane iska da nasa kiɗa da nasa kirari. A Tsibiri, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Inna ce shugabar masu bori, tana kuwa da babban matsayi a fada. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Yadda aka buɗe wa yara ƙofa a Turai

Yanzu bari mu ƙetare teku kaɗan, mu ga abin da masu bishara suka zo mana da shi, da inda su ma suka samo shi. A Turai ma an yi zamanin da waƙar sujada ta zama ta gwanaye kaɗai, da harshen Latin wanda talaka ba ya ji. Jama'a sai su tsaya su saurara. Martin Luther na ƙasar Jamus bai yarda da wannan ba. A 1524 aka buga wani ɗan littafi mai waƙa takwas da Jamusanci domin jama'a duka su rera. A shekaran nan kuma ya rubuta wa mahukuntan garuruwan Jamus, ya roƙe su su buɗe makarantu domin yara maza da mata, ya lissafta waƙa da kiɗa cikin abin da ya kamata yaro ya koya.

A Ingila, Isaac Watts ya buga littafin waƙoƙi na yara musamman a 1715. A 1780 Robert Raikes ya soma makarantar Lahadi a garin Gloucester domin 'ya'yan talakawa, waɗanda su ke aikin ƙarfi kwana shida, ba su da ranar karatu sai Lahadi. Amma wahala ɗaya ta rage. Rubutun kiɗa na Turai, mai layi biyar da ɗige-ɗige, yana ɗaukar shekaru kafin a iya shi, sai mai kuɗi ke iya biyan malaminsa.

Wata mace a garin Norwich, sunanta Sarah Glover, ita ce ta nemo hanya mai sauƙi tana koya wa yara da ita. A 1841 taron malaman makarantar Lahadi a garin Hull ya ɗora wa wani saurayin fasto, John Curwen, ya nemo hanyar koyar da waƙa wadda kowa zai iya. Ya ɗauki hanyar matan nan, ya gyara ta, ya baza ta. Ita ce do, re, mi, fa, so, la, ti da muka koya. Amfaninta shi ne da baƙaƙen boko a ke rubuta ta, d da r da m, kowane injin buga littafi yana iya buga ta da araha, kowane malami mai alli yana iya rubuta ta a bango. Ku lura fa, abin nan da mu ke gani kamar ilmin manya, domin 'ya'yan talakawa aka ƙago shi.

Isowarta ƙasarmu

A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasashen da ke kudu da Hamada. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Sai a ƙoƙari na uku, a 1902, aka kafa tasha ta fari a Patigi. A 1924 aiki ya ƙetaro ya iso Damagaram, bayan 'yan shekaru ya kai Tsibiri, daga baya Maraɗi da Dogon Dutsi. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi.

Ƙasarmu a lokacin tana hannun Faransa, dokarsu kuwa ta ce karatun makaranta sai da Faransanci. Masu bishara yawancinsu Ingilishi su ke ji, da Hausar da suka koya a Nijeriya. Saboda haka makarantu ba su yawaita da wuri ba kamar yadda suka yi a ƙetaren iyaka. Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Hausa a 1932, bayan wahalar shekaru ta Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa. Amma mutum nawa ne a ƙauyukanmu su ke iya buɗe shi su karanta? Nan ne waƙa ta yi aikin da allo bai iya yi ba. Littafin Waƙoƙi ya shigo daga Nijeriya, mai karatu ɗaya kuwa ya ishi gari. Ya rera layi, jama'a su amsa, kafin wata ya mutu sun haddace.

Tsofaffinmu sun gaya mana yara ne su ke fara zuwa. Manya suna jin kunya, suna kuma tsoron abin da maƙwabta za su ce. Yaro ba ruwansa. Ya ji an buɗe wani akwati a gindin itace, ana taka shi da ƙafa yana kuka da murya mai daɗi, ko kuwa wanda a ke ja a ke matsewa kamar zugazugin maƙeri, sai ya sheƙo a guje. Da yamma ya koma gida da waƙa a bakinsa, uwarsa tana niƙa tana ji. Gidaje da yawa a cikinmu, in an bi asalin bangaskiyarsu, a bakin wani ɗan yaro za a iske ta ta shigo.

Ga kuma sabon abu wanda ya kamata mu tsaya a kansa. A ɗakin sujada ba maroƙi, ba kuma wanda a ke roƙo. Tsoho da yaro, mace da namiji, ɗan sarauta da jikan bawa, duka baki ɗaya su ke waƙa, ba a biyan kowa, ba a raina kowa. Ba a tambayar yaro ko ubansa makaɗi ne. Ba a ce wa yarinya ta yi shiru don ta yi aure. A Danja, inda aka yi jiyyar masu ciwon kuturta, mutumin da yatsunsa ba su iya riƙe hauya ya iske muryarsa tana nan lafiya lau, ana kuwa bukatarta. Shingen gado ya faɗi. Wannan babbar kyauta ce, kada mu manta da ita.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Amma tun da ya ke ranar biki ce ta 'yan gida, bari mu faɗi sauran gaskiya. Da aka rushe shinge ɗaya, sai aka kafa wani. Aka bar ganga a waje, da goge da garaya da tafi da rawa. Kada mu ɗora wa baƙi laifin duka. Masu bi na farko waɗanda suka fito daga bori sun san abin da goge ya ke kira, da sun ji shi jikinsu ya kan ɗauki rawa, su da kansu suka ce a nisantar da shi. Tsoronsu yana da dalili. Amma aka yi kuɗin goro, aka haɗa gangar noma da ƙwaryar biki da tafin 'yan mata, waɗanda ba su da hannu cikin bori, aka kore su gaba ɗaya. Yaran masu bi suka tashi suna leƙen dandali daga nesa. Waɗansu suka ga kamar shiga bangaskiya fita ne daga Hausa, maƙwabta ma haka suka ɗauka.

Abu na biyu shi ne muryoyin waƙoƙin. Kalmomin na Hausa ne, muryoyin kuwa na Ingila da Amurka. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon gaɓa da gajere, ma'ana kuwa a kansu ta ke rataye. Ku faɗi kuka na hawaye, ku faɗi kuka ta miya, za ku ji murya ta sauka a ƙarshen ta biyun. Haka wuya ta wahala da wuya na jiki. Gari na mutane, in an ja farkonsa, ya zama garin tuwo. Mawaƙin Hausa ya san wannan tun a nono, muryar waƙarsa tana bin muryar magana. Amma muryar da aka tsara domin Ingilishi ba ta san da haka ba, ta kan hau inda Hausa ta sauka, ta ja inda Hausa ta taƙaita. Mu da muka tashi ciki mun saba, har ba mu ji. Baƙon da ke tsaye bakin taga kuwa ya kan ce, waɗannan da wane harshe su ke waƙa?

Ba mu raina Littafin Waƙoƙi ba. Da shi aka ɗaura auren iyayenmu, da shi muka binne su, za mu kuwa riƙe shi. Amma Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Mata da yara suka komo da ita

Ba taron dattawa ba ne ya komo da kiɗan gida cikin ekklesiya. Zumuntar mata ce. A taronsu na tsakiyar mako, inda ba mai tsawata musu, suka ɗauki labarin Nuhu da na Yusufu da na ɗan nan da ya ɓace, suka sa su cikin irin muryar niƙa da ta gaɗa, ɗaya tana bayarwa, saura suna amsawa. Suka ɗauko tulu daga gindin randa suna bugun bakinsa, suka ɗauko ƙwarya da caki. Wa zai ce tulun ruwa kayan iskoki ne? Daga taron mata abin ya shiga bikin Kirsimati, daga nan ya shiga sujadar Lahadi. Yaran da ke goye a bayansu kuwa suka sāke shan kiɗa yadda kakanninsu suka sha.

Na'urori ma sun taimaka. A 1939 wata mace a Amurka, Joy Ridderhof, ta soma aikin ɗaukar wa'azi da waƙa a faifan garmaho da harsuna masu yawa, har da Hausa. A 1954 gidan rediyon ELWA ya soma magana daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya, a 1963 kuma Muryar Bishara daga Adis Ababa, dukansu suna da shiri da Hausa wanda a ke haɗawa a Jos. Gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace na biyun a 1977, yaƙin Laberiya ya rushe na farkon a 1990, amma kafin nan sun riga sun sa mai bi na Gobir ya ji ba shi kaɗai ba ne, akwai masu waƙa da harshensa a Nijeriya da Kamaru da Cadi da Gana. Cikin shekarun 1960 kuma aka soma Sabon Rai Don Kowa a Nijeriya, ƙungiyoyin mawaƙansa suka yi ta tsara waƙoƙi da muryar gida, daga baya kaset ya ƙetaro mana da su.

Ƙasarmu ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, ekklesiya ma a zamanin nan ta soma tsayawa da ƙafafunta. A mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, aka farfaɗo da samariya, matasan kowane gari suna gasar waƙa da rawa. Yaranmu suna cikinsu, suka komo gida suna tambaya, don me abin da ya yi kyau a filin gari ba zai yi kyau a gaban Allah ba?

Abin da muka gani da idonmu

Mu da muka yi makarantar Mishan a ƙarshen zamanin nan, mun sami rabo biyu. Kowace safiya akwai waƙa kafin karatu. Malaminmu ya kan rubuta d, r, m a allo, ya raba mu murya huɗu, ba shi da kayan kiɗa ko ɗaya sai sandan da ya ke nuni da shi. Da an tashi kuma sai mu nemi gwangwani da tsohuwar fata mu ɗaure ganga. Muna tune da ran da ɗayanmu ya sha bulala don ya kaɗa tebur ana cikin karatu. Da Kirsimati ta matso, malamin nan da kansa ya kira shi, ya ce, "Kai mai tebur, zo ka kaɗa mana." Yaron nan bai sāke fashin makaranta ba.

Mun kuma ga ranar da aka gwada abin da aka ba mu. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Benci da littafi da jita duk abincin wuta ne. Amma da masu bi suka sāke taruwa, waɗansu cikin toka, ba littafi a hannu, waƙa ba ta ƙi fita ba, gama tun suna yara aka zuba musu ita a inda wuta ba ta kaiwa.

Yau fa? Kayan kiɗa sun yi yawa fiye da kowane zamani. A birni akwai piyano mai lantarki da jita da lasifika, kowace salula kuma cike ta ke da waƙoƙi. Amma ku duba da kyau ran Lahadi. Samari biyar ko shida suna gaba da kayan, ƙarar lasifika ta danne muryar jama'a, yara suna zaune suna kallo. In yaro ya miƙa hannu zai taɓa, sai a daka masa tsawa, a ce kayan masu tsada ne. In wuta ta ɗauke, sai a yi tsit, a jira injin. Dandali ma ya soma mutuwa a garuruwa da yawa, 'yan mata sun san waƙoƙin fim, ba su san gaɗar uwayensu ba. Shin ba tsohon shingen nan ba ne ya komo da sabuwar riga? Dā gado ne ya ke ware masu yi da masu ji, yanzu kuɗi ne.

Abin da ya rage gare mu

Kusan rabin mutanen ƙasarmu ba su kai shekara 15 ba. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya. Abu ne mai kyau, amma ina yaron ƙauye ina Yamai? Makarantar kiɗan da ta fi kusa da shi ita ce uwarsa, da malamin makarantar Lahadi, da mu.

A 1 Tarihi sura 25 an ƙidaya mawaƙan Haikali 288, da aka zo raba musu aiki kuwa, kuri'a aka jefa, ba a ware mai koyo daga gwani ba. A Matiyu sura 21, sa'ad da yara suka ta da murya cikin Haikali, manya suka ji haushi, Ubangiji ya goyi bayan yaran.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga roƙonmu. Kowace Lahadi a kashe lasifika ko da waƙa ɗaya ce, jama'a su ji muryar kansu. Wanda ya iya jita ko ganga ya ɗauki yaro biyu, mace da namiji, ya bar su su taɓa, gama kayan da aka kulle don kada su lalace sun riga sun lalace. Inda ba kuɗi, akwai kara da gwangwani da tulu. Kada a manta da makaho da gurgu da maraya, sau da yawa a wurinsu baiwar ta ke. Salular da ke aljihunku, ku kai ta wurin tsofaffin zumunta ku ɗauki waƙoƙinsu tun suna da rai, ku koya wa jikokinsu. Masu tsara sababbi kuma su saurari Hausa tukuna, su bar murya ta bi magana. Iyaye, ku yi waƙa a gida, a wurin daka da wurin shara da lokacin kwanciya, ko da muryarku ba ta da daɗi. Yaro ba ya auna muryar uwarsa.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Waɗanda za su busa ƙahon jubili mai zuwa suna nan yau a bayan uwayensu, waɗansu suna zaune a ƙasa gaban benci na fari. Yawancinmu ba za mu ga ranan nan ba. Abin da muka sa a bakinsu, shi za a ji. Allah ya ba mu ikon cika wannan amana, amin.